An wanke Kawu bayan ya gama zaman gidan yari: nazarin wata shari'ar rauni a Abuja

Ƙanen mahaifiyata ne, don haka Kawu zan riƙa ce masa a nan. Katako yake sayarwa a ɓangaren Dei-Dei, kuma abokin rigimar tasa maƙwabcinsa ne a kasuwa, mai sayar da siminti da rodi. Ba zan kama sunan kowa ba, haka nan caji ofis ɗin da kotun farko, domin mutanen duk suna raye kuma a layi ɗaya suke yin sallar azahar yanzu. Ni na riƙa bin takardun tun daga daren da aka kama shi har zuwa ranar sulhu, saboda ni ne mai boko a gidan, kuma kwafin kowace takarda yana hannuna.

A kan filin gaban rumfa abin ya samo asali. Duk lokacin da motar siminti ta zo sauke kaya sai ta toshe ƙofar Kawu, wani sa'in tun hantsi har la'asar. Sun sha yin cacar baki a kai, shugabannin layi suna raba su. Ranar da abin ya ɓaci, wata Alhamis ce, mai saye ya zo da a-kori-kura ɗaukar katako ya rasa hanyar shiga, ya juya ya tafi wata rumfar. Kawu ya fita ya tarar da mai siminti, murya ta tashi, kafin 'yan dako su ankara mai siminti yana kwance a kan tulin rodi, hannunsa na dama ya karye kusa da wuyan hannu.

Daga nan labari ya rabu biyu. Mai siminti ya ce Kawu ne ya ɗauko guntun katako ya kai masa duka, ya tare da hannu. Kawu ya ce shi mai simintin ne ya ɗago katakon, shi kuwa ya ture shi don ya kauce, ya faɗa kan rodi. 'Yan dakon da suka ga komai sun watse tun kafin 'yan sanda su iso, kuma babu wanda ya yarda ya je kotu daga baya. Mai cin abinci da guminsa na yini ba ya son a riƙa kiransa kotu duk wata. Abin da kowa ya yarda da shi kawai shi ne Kawu yana cikin waɗanda suka ɗaga mutumin suka sa shi a mota zuwa asibiti.

Da magariba aka kama shi. Sai ranar Talata aka kai shi gaban majistare, kwana 5 ke nan, wai ana jiran a ga halin da majinyacin zai kasance.

A cikin waɗannan kwanaki ne aka rubuta takardar da ta ɗaure shi, kuma ita ce daga baya ta kwance shi. Kawu ba ya jin Turanci sai ɗan na ciniki. Jami'in da ke binciken kuma ba ya jin Hausa, sai ya kira wani abokin aikinsa da ke tsaye a kantar ofishin ya yi musu tafinta. Kawu yana magana, wancan yana juyawa, wannan yana rubutawa. Da aka gama aka miƙo masa ya dangwala yatsa. Bayan watanni, da na samu kwafin na zauna na karanta masa, a wurin da Kawu ya rantse cewa “na ture shi” ya faɗa, kalmar Turancin da aka rubuta duka take nufi. Maganar cewa mai siminti ne ya fara ɗago katako kuwa babu ita ko kaɗan a takardar. Layi 11 ne duka duka, da shuɗin biro, da tambarin babban yatsansa a ƙasa ya ɗan goge ta gefe.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda ke aiki a kotunan Abuja, ta yi tanadi a kan irin wannan. Sashe na 17 ya ce ana iya ɗaukar bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, ko jami'in Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, ko wani da ya zaɓa. Idan ba ya jin Turanci, tafinta zai rubuta, ya karanta masa har ya gane, sannan shi ma tafintan ya sa hannu ya rubuta sunansa da adireshinsa. A takardar Kawu babu sunan tafinta, babu sa hannunsa. Mu kuwa a lokacin babu wanda ya san da wannan sashe a cikinmu, hankalinmu yana kan kai abinci da neman wanda zai tsaya masa.

An tuhume shi da jawo mummunan rauni da gangan a ƙarƙashin Final Kod, wato kundin dokokin laifuka wanda Arewa ke amfani da shi tun 1960. Mutane da yawa suna ɗauka cewa faɗan kasuwa ƙaramin abu ne a idon doka, alhali sashe na 241 ya lissafa karaya ko gocewar ƙashi, har da ta haƙori, cikin mummunan rauni, haka kuma duk ciwon da ya hana mutum harkokinsa na kwana 20. Da zarar ƙashi ya karye, maganar ta bar sahun mari da cin kwala.

Mun ɗauki lauya bayan zama na 2, wani matashi mai arha da wani ya haɗa mu da shi. Mai gabatar da ƙara ya kira shaidu 3: mai siminti, yaron shagonsa, da jami'in da ya rubuta bayanin. Ta hannun jami'in aka shigar da takardar da rahoton asibiti. Ba a kira likita ba, ba a kira wanda ya yi tafinta ba, lauyanmu kuma bai matsa ba. Kawu ya shiga akwatin shaida ya ba da nasa labarin daga farko har ƙarshe. Da ranar hukunci ta zo, majistare ya ce wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa da bakinsa a caji ofis, abin da ya faɗa a kotu kuwa tunanin baya ne. Ya ɗaure shi wata 9 babu zaɓin tara, ya kuma umarce shi ya biya mai siminti kuɗin magani, kamar yadda sashe na 319 na dokar 2015 ya ba kotu dama.

Kwana 30 doka ta bayar a shigar da takardar ɗaukaka ƙara daga kotun majistare zuwa Babbar Kotu. Mun sayar da wani fili na mahaifiyata a gida muka ɗauki wata lauya mai gogewa, ta shigar cikin mako 2. Abin da ya cinye mu shi ne haɗa kundin shari'ar. Sai an buga duk abin da majistare ya rubuta da hannu, an tantance, an aika sama, kafin a sa rana. Na yi sawu a ofishin rajistara har masu gadi suka san ni. An nemi beli kafin a saurari ƙarar, aka ƙi, domin wanda aka riga aka yanke wa hukunci ba ya samun beli sai da dalili na musamman. A gidan gyaran hali ana yafe wa mai kyakkyawan hali kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, saboda haka Kawu ya fito bayan wata 6. Ya fi shekara da fitowa kafin alƙalai 2 na Babbar Kotu su zauna a kan ƙararsa.

Dalilai 3 lauyar ta kafa. Na farko, cewa kundin bai nuna an yi masa tafinta a wasu zaman kotun ba, duk da sashe na 36(6) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta. Wannan bai yi tasiri ba: alƙalan sun ce yana da lauya a lokacin da aka ɗauki shaidu, lauyan bai yi ƙorafi ba, don haka ba za a tayar da maganar a sama ba. Na ji zafin wannan, domin ina zaune a kotun na ga yadda Kawu ke bin bakin mutane da ido.

Dalili na 2 shi ne ya rushe ginin. Tsohuwar ƙa'ida ce a kotunan Najeriya cewa idan ta bakin tafinta aka ɗauki bayani, dole a kira tafintan ya shaida abin da aka faɗa masa da abin da ya juya. Jami'in da ya rubuta bai ji abin da Kawu ya faɗa ba, abin da abokin aikinsa ya ce Kawu ya faɗa shi ya ji. Wannan ji-ta-ji-ta ce a wurin doka, ba a gina hukunci a kanta. Aka cire takardar daga cikin hujjoji. Da aka cire ta, sai ga abin da ya rage: mai siminti ya ce a hannu aka doke shi, yaronsa ya ce a kafaɗa ne sannan ya faɗi, rahoton asibiti kuma ya ce karaya ce kawai, bai ce ta duka ce ko ta faɗuwa ba. Na 3 kuma, majistare bai ce uffan ba a kan kare kai, alhali Final Kod ya amince da haƙƙin mutum ya kare jikinsa, kuma wajibi ne kotu ta auna duk wata kariya da ta bayyana a shaida komai rauninta. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce sai an tabbatar da laifi ba tare da wata shakka mai ma'ana ba. Alƙalan suka ce shakka tana nan, kuma tunda mutumin ya riga ya gama wa'adinsa babu adalci a sake mayar da shi gaban wani majistare. Aka soke hukuncin, aka sallame shi, aka wanke shi.

A harabar kotun Kawu ya yi sujada a kan kwalta. Da ya ɗago ya kama hannuna ya ce, “Kai ɗan nan, ka ji ko? Kotu ta ce ƙarya ya yi mini.”

Kotu ba ta faɗi haka ba. Na karanta hukuncin ya fi sau 10, babu inda aka ce mai siminti ya yi ƙarya, babu inda aka ce Kawu bai taɓa shi ba. Cewa aka yi masu ƙara ba su tabbatar ba. A Hausa idan aka ce an wanke mutum, abin da kunne ke ji shi ne an gano gaskiyarsa, an kunyata wanda ya yi masa ƙazafi. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ma'anoni biyu ita ta ci mana shekarun da suka biyo baya, kuma ina da laifi a ciki, domin a ranar ban gyara masa ba. Na ga farin cikinsa na kasa.

Wanda Kawu ya fara cewa a kai ƙararsa shi ne majistaren. Lauya ta ce babu hanya, alƙali yana da kariya a kan abin da ya yi a kujerarsa. Ya ce to gwamnati ta biya shi watanninsa. Ta ce, “Baba, watannin nan 6 da umarnin kotu ka yi su. Ko da an soke umarnin daga baya, ba a lissafa su a matsayin tsarewa ba bisa ƙa'ida ba.” Ya yi shiru ya ce, “Barista, ina ciki aka ba wani rumfata. Ina ciki aka fasa auren 'yata. Wa zan tambaya?” Ba ta da amsa, ta dai gaya masa gaskiya cewa ƙofa 2 ce a buɗe, ɗaya mai kyau, ɗaya kuma ba ta ba shi shawarar shiga ba. Duka biyun ya ce a shiga, ni ma na goya masa baya.

Mai kyan ita ce ƙarar tauye haƙƙi a kan kwana 5 na caji ofis. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana 2, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. A Abuja babu caji ofis ɗin cikin gari da zai ce ba shi da kotu kusa. Ƙa'idojin irin wannan ƙara na 2009 sun ce daɗewar lokaci ba ya kashe ta, kuma da takardun rantsuwa ake yin ta, ba a jeren shaidu. Cikin watanni aka gama, kotu ta ba Kawu gaskiya ta yanka masa diyya. Karɓar kuɗin wani aiki ne daban. Sashe na 84 na dokar da ke tsara aiwatar da hukuncin kotu ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a kama shi sai da izinin Antoni Janar. An rubuta takardar neman izini, an sake rubutawa.

Ɗaya ƙofar ita ce Kawu ya kai ƙarar mai siminti a kan cewa ya jawo masa shari'a da mugun nufi. Tun 1989, a shari'ar Balogun da Amubikahun, Kotun Ƙoli ta shimfiɗa abubuwa 4 da mai irin wannan ƙara zai tabbatar: cewa wanda ake ƙara ne ya tayar da shari'ar, cewa ta ƙare da nasarar mai ƙarar, cewa babu wani dalili mai kama hankali na tayar da ita, da cewa ƙeta ce ta sa. Kawu yana da na 2 a hannu. Sauran fa? Lauyan mai siminti bai wahala ba. Ya ajiye hoton ƙashi a gaban alƙali, ya ce mutumin da hannunsa ya karye a wurin faɗa ya je ya gaya wa 'yan sanda, ina rashin dalili a nan? Ya kawo hukuncin Kotun Ƙoli na 2009 a shari'ar Fajemirokun, inda aka ce kai rahoton laifi ga 'yan sanda haƙƙin ɗan ƙasa ne, abin da suka yi da rahoton kuma nasu ne, sai fa idan an nuna da mugun nufi aka kai. Ba mai siminti ne ya rubuta layukan nan 11 ba, ba shi ya ƙi kiran tafinta ba. Bayan kusan shekara 2 ana ɗagewa, aka kori ƙarar, aka ɗora wa Kawu kuɗin ɗawainiya.

Abin da ba mu hango ba shi ne sammacinmu zai tayar da wanda ya riga ya haƙura. Mai siminti ya karɓi rabin kuɗin maganin da majistare ya yanka, da aka soke hukuncin sauran ya bi ruwa, bai ce komai ba. Da takardar ƙararmu ta iske shi a shago a gaban mutane, sai shi ma ya shigar da tasa yana neman kuɗin asibiti, da na aikin da aka sake yi wa hannun, da asarar ciniki. 'Yan kasuwa suka yi ta cewa ai ba a shari'a sau biyu a kan abu ɗaya. Sashe na 36(9) na Kundin Tsarin Mulki da suke nufi shari'ar laifi kawai ya hana a maimaita. Neman diyya hanya ce daban. A nan Abuja ma an gani: a 2020 kotun majistare ta Zuba ta kori tuhumar cin zarafi da aka yi wa Sanata Elisha Abbo, amma a shekarar Babbar Kotun Abuja ta umarce shi ya biya matar da ta kai shi ƙarar tauye haƙƙi naira miliyan 50, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar a 2023.

Lauyarmu tana da abin riƙewa. A ƙarar diyya galibi wanda hujjarsa ta fi nauyi shi ke nasara, amma sashe na 135 ɗin nan ya ce idan aikata laifi ne ginshiƙin magana, ko a ƙarar diyya ce, sai an tabbatar ba tare da shakka ba. Ta ce mai siminti zai sha wuya ya haye wannan. Sai dai ta ƙara da cewa Kawu da bakinsa ya ce ya ture shi, kuma a wannan karon lauyan wancan ɓangaren ya sa likita cikin jerin shaidu. Shari'a mace ce da ciki, in ji ta, ba ta yi mana alkawari ba.

A wannan zangon ne na fara kallon mai siminti da kyau. Kullum muna haɗuwa a barandar kotu, benci ɗaya tsakaninmu, ba ma gaisawa. Wata rana ya sayi ruwan leda, na ga ya kasa riƙe shi da dama, yatsunsa 2 na ƙarshe ba sa lanƙwasawa. Ya mayar da shi hagu ya ɓula da haƙori. Da hagu yake karɓar canji, yana cewa a yi haƙuri. Shekaru ina ɗaukarsa a matsayin wanda ya ɗaure mana Kawu, ban taɓa tsayawa na lissafa cewa shi ma takardar nan ta cuce shi ba. Da an ɗauki bayanin yadda doka ta ce, an kira tafinta da likita, da ko dai an samu hukuncin da zai tsaya ya karɓi kuɗin maganinsa cikakke, ko kuma tun farko a gane faɗuwa ce a tura su sulhu. Aikin rabin awa da aka yi da ganganci a kan kanta shi ya bar ɗaya da wata 6 da ba mai biyansa, ya bar ɗayan da hannun da ba a gama biyan kuɗinsa ba.

Alƙalin da ke sauraron ƙarar ya tambayi lauyoyin ko sun gwada sashen sulhu na Babbar Kotun, ya ba da wata 2. Ba a kai ga zuwa can ba, dattawan layin katako da na siminti suka karɓi maganar, aka zauna a masallacin kasuwa bayan la'asar. Kawu ya zo da hukuncinsa a cikin leda ya ajiye a gaban liman. Liman bai buɗe ba. Ya ce, “Malam, mun ji kotu ta sallame ka, kuma mun yi murna. Amma ka ce ka ture shi, kuma a wurin turewar hannun ya karye. Kai kuma Alhaji, motarka ce ta toshe masa ƙofar abincinsa, an yi maka magana ba sau ɗaya ba.” Aka daɗe ana magana. Mai siminti bai janye cewa an doke shi ba, Kawu bai janye cewa turewa ce ba, dattawan kuma ba su nemi kowa ya janye ba. Aka tsaya a kan Kawu zai cika ragowar kuɗin maganin farko a cikin wata 10, mai siminti ya yafe na aiki na biyu da kuɗin ɗawainiyar da kotu ta ɗora, motar siminti kuma ba za ta ƙara tsayawa a layin ba bayan ƙarfe 9 na safe. Lauyoyi suka rubuta, aka kai kotu ta mayar da shi hukuncinta.

Kawu bai koma rumfarsa ba, tana hannun wanda aka ba. Yanzu a rumfar wani yake zama yana dillancin katako, ana ba shi la'ada. Ya gama biyan kuɗin a wata na 12, mai siminti bai yi maganar jinkirin ba. Diyyar kwana 5 har yau ba ta fito ba. Duk ƙarshen wata yakan ce in kira Barista in ji, nakan kira, takan ce ana nan ana bi. Hukuncin Babbar Kotu yana cikin ledarsa a ƙarƙashin katifa, shafi 23, da hatimin rajistara a kowane shafi. Idan na je gaishe shi wani lokaci yakan ɗauko ya ce in karanta masa shafin ƙarshe in juya masa da Hausa, kuma yanzu yadda aka rubuta nake juya masa.